Shaidar Masu Saye a Intanet da Mizaninta a Kasuwar Nasarawar Burkullu: Nazari a kan Yabo, Aibi da Iƙala

Tsakure

Wannan maƙala tana bincikar mas'alar da ta fara damun ƙananan 'yan kasuwa tun da wayar hannu ta shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa, wato yadda mai shago ko mai rumfa zai sami ƙarin waɗanda za su yi masa shaida a intanet. An ɗauki Nasarawar Burkullu, a ƙaramar hukumar Bukkuyum ta jihar Zamfara, a matsayin fagen nazari. Da'awar maƙalar ita ce, shaida mai amfani a wannan yanki tana fitowa ne galibi bayan an sami aibi a haja kuma mai sayarwa ya karɓi kayansa da daɗin rai, sa'an nan nauyinta yana rataye ne ga sanin mai yin ta fiye da yawan taurarin yabo da ake bayarwa a intanet.

Gabatarwa

Duk wanda ya san hanyar da ta taso daga Anka ta nufi Gummi ya san Nasarawar Burkullu, ya kuma san cewa kasuwarta ta mako-mako, wadda hatsi da dabbobi suka fi yawa a cikinta, tana ciyar da ƙauyuka masu yawa na ƙasar Bukkuyum, tana kuma jawo fatake daga nesa. Cikin 'yan shekarun nan al'amura uku sun sauya yanayin cinikin wurin. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a faɗin jihar Zamfara, aka kuma dakatar da kasuwannin mako-mako saboda yaƙi da 'yan bindiga. A farkon 2023 ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira ya tilasta wa mutanen da ba su taɓa amincewa da banki ba su koyi tura kuɗi ta waya ko ta hannun masu POS. Sa'an nan cikin wannan shekarar dai gwamnatin jiha ta rufe wasu kasuwannin dabbobi, har da ta wannan gari, bisa zargin ana shigar da shanun sata cikinsu. Abin da ya haifu daga wannan duka, haɗe da tsoron hanya, shi ne mai saye da ke Gusau ko Sakkwato ko Jega, wanda a da yakan zo da kansa ya damƙi hatsi ya duba haƙoran sa, yanzu sau da yawa yakan tura kuɗinsa ya zauna jiran direba ya kawo masa abin da bai gani ba sai a hoto. Malaman Malikiyya sun halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa, amma halaccin ciniki bai ɗauke wa mai saye tambayar da ke ransa ba: wa zai tabbatar mini cewa siffar da wannan mutum ya bayar gaskiya ce?

Waiwaye a kan ayyukan da suka gabata

Masu koyar da dabarun talla a zamanin nan, waɗanda maganarsu ta cika wayoyin samarinmu, amsa guda suke bayarwa: ka sa shagonka a taswirar Google, ka roƙi kowane mai saye ya ba ka taurari biyar, ka bi shi da saƙo idan ya manta, domin yawan taurari shi ne yawan ciniki. Hujjar da suka fi jingina da ita, ko sun ambace ta ko ba su ambata ba, ita ce binciken Michael Luca na Jami'ar Harvard, wanda a 2011 ya auna gidajen abinci na birnin Seattle a Amurka, ya sami cewa ƙarin tauraro ɗaya a dandalin Yelp yana tafiya da ƙarin kuɗin shiga tsakanin kashi 5 zuwa 9 cikin ɗari. Ban musanta wannan sakamako ba, kuma ba ni da dalilin musanta shi. Abin da nake inkari shi ne yadda aka karanta rabinsa aka bar rabi, domin Luca da kansa ya bayyana cewa tasirin ya taƙaita ga gidajen abinci masu zaman kansu, alhali manyan kamfanoni masu rassa, waɗanda mutane suka riga suka san abin da za su tarar a cikinsu, taurari ba su motsa cinikinsu ba. Ma'anar wannan a fili take ga mai lura: tauraro yana aiki ne inda jahilci ya yi katutu tsakanin mai saye da mai sayarwa, inda babu wanda za a tambaya. To, kasuwar da kowane mai rumfa a cikinta an san mahaifinsa da unguwarsa da dillalin da yake mu'amala da shi, ta fi kusa da hali na biyu nesa ba kusa ba, kuma ɗora mata hukuncin birnin baƙi ƙiyasi ne tare da bambanci.

Akwai kuma abin da masu wannan shawara ba sa son ambato. Luca da abokin aikinsa Georgios Zervas sun nuna a 2016 cewa kusan kashi 16 cikin ɗari na shaidun gidajen abinci a birnin Boston dandalin Yelp da kansa ya ware su a matsayin abin tuhuma, kuma wanda sunansa ya yi rauni shi ya fi saurin sayen yabon ƙarya. Fitinar ta kai har hukumar kula da cinikayya ta tarayyar Amurka ta kafa doka a 2024 ta haramta saye da sayar da shaidar bogi.

Ayyukan da suka fi kusa da ƙasarmu tsofaffi ne. Polly Hill a 1966 ta siffanta tsarin masu masauki da dillalai a kasuwar shanu ta Kumasi, Abner Cohen kuma a 1969 ya nuna yadda maigida a unguwar Sabo ta Ibadan yake tsaya wa baƙonsa a cinikin bashi tsakaninsa da mahauta. Sun fahimci cewa amana a fataucin Hausawa tana da mai ɗaukar nauyinta, sai dai sun rubuta kafin zuwan wayar hannu.

Hanyar bincike

An bi hanyar zama da sauraro: hira da masu hatsi, masu sayar da takin zamani da maganin feshi, masu gyaran waya, teloli, dillalai da direbobi, tare da sauraren saƙonnin murya da masu su suka yarda a saurara. An auna abin da aka ji da ƙa'idojin shaida da na ciniki kamar yadda suke a Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani da Muhtasar na Halil, domin su ne littattafan da urfin kasuwannin wannan ƙasa ya sha daga gare su. An sakaya sunan kowa.

Sakamako

Abu na farko ba ya bukatar dogon bayani: dandalin da shaida take yawo a kansa a nan shi ne WhatsApp, sai Facebook a bayansa, kuma murya ta rinjayi rubutu, saboda magana ta fi sauƙi ga wanda karatunsa na allo ne, kuma saboda murya tana ɗauke da shaidar mai ita. Jimlar da ta fi kowace tasiri gajeriya ce, ana tura ta daga waya zuwa waya: "Tahi wurinai, ka ce ni na aiko ka." Wanda ya faɗi haka ya sa mutuncinsa jingina, kuma idan ciniki ya ɓaci shi za a fara kira. Wannan ita ce tazkiyya a aikace. Fiƙihu bai karɓi shaidar majhuli ba sai an sami adilai sun tsarkake shi, bai karɓi shaidar mai jawo wa kansa amfani ba, bai kuma karɓi ta maƙiyi a kan maƙiyinsa ba. Taurarin intanet kuwa ƙofarsu a buɗe take ga waɗannan ukun duka.

Abu na biyu shi ne ginshiƙin wannan maƙala. Da aka bi diddigin saƙonnin yabo da suka yi nisa, waɗanda aka tura wa wani, shi ma ya tura wa wani har suka jawo mai saye daga wani gari, sai aka ga cewa mafi ƙarfinsu ba labarin cinikin da ya tafi lami lafiya suke bayarwa ba. Cinikin da ya tafi daidai ba ya haifar da magana, domin mai saye yana ganin haƙƙinsa ne ya karɓa, kuma ba a yi wa mutum shela don ya ba ka abin da ka biya. Labarin da ake bayarwa da zafi, da rantsuwa, da addu'a ga iyayen mutum, shi ne na buhun da aka buɗe a gida aka tarar ƙasansa da tsakuwa, aka kira mai shi ya ce a maido ba tare da gardama ba har ya biya kuɗin mota. Ko na wayar da aka gyara ta sake mutuwa bayan kwana biyu, mai gyara ya karɓa ya sake aiki bai nemi ko sisi ba. Ko na wanda ya sayi taki sa'an nan larura ta same shi, ya dawo yana jin kunya, mai shago ya ce masa, "Haba Malam, ai ba komai," ya mayar masa da kuɗinsa cif.

Lalle ne a rarrabe tsakanin misalan nan, domin shari'a ta rarrabe su. Na farko da na biyu suna ƙarƙashin zaɓin aibi, wanda haƙƙi ne na mai saye idan ya sami illar da aka ɓoye ko ba a bayyana ba, kuma asalinsa sananne ne a hukuncin dabbar da aka tara wa nono a hantsa don a ruɗi mai saye, inda aka ba shi damar mayar da ita. Na uku kuwa iƙala ce, wato warware cinikin da ya riga ya ƙullu don jin ƙan wanda ya yi nadama, ba wajibi ba ce, kyautatawa ce da Sunna ta kwaɗaitar a kanta. Abin da nazarin ya nuna shi ne, gwargwadon nisan aikin mai sayarwa daga wajibi zuwa ihsani, gwargwadon nisan da shaidarsa take tafiya. Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne idan aka koma ga halin mai saye na nesa: shi abin da yake tsoro ba ƙarancin kyawun haja ba ne kaɗai, tsoronsa shi ne ranar da abu ya ɓaci ya kira waya a ƙi ɗauka, alhali tsakaninsa da kasuwar akwai hanyar da ba ya iya bi. Yabon da ya ce kaya suna da kyau bai amsa wannan tsoro ba. Wanda ya ce, "Na mayar masa, ya karɓa," ya amsa shi sarai, domin ya ba da labarin halin mutumin a lokacin da gaskiya take ci masa riba.

Daga nan fa'ida ta aiki take fitowa ga mai neman ƙarin shaidu. Ya bayyana aibin hajarsa tun a hoto da murya kafin a tura kuɗi, ya faɗi sharaɗin mayarwa a sarari, ya kira mai saye bayan kaya sun isa ya tambaye shi yadda ya same su, domin Bahaushe, saboda kara, yakan haɗiye ƙorafi ya ƙaurace wa shago har abada ba tare da ya furta ba, kuma idan an gyara ɓaraka mai saye ya aiko da godiya, a lokacin ne ya dace ya ce, "Alhaji, ka yarda in tura wa wasu wannan saƙo naka?" Neman izinin nan wajibi ne a ganina, kuma ya fi wajaba a wannan yanki, inda bayyana cewa wane ya sayi buhu kaza ko shanu kaza yana iya zama sanadin a sace shi don kuɗin fansa. Saboda wannan dalilin ne manyan 'yan kasuwa da dama suke ƙin a sa wurinsu a taswira, kuma wanda ya kira wannan ƙauyanci bai san halin da bayin Allah suke ciki ba.

Game da sayen yabo da ragin kuɗi ko katin waya, hukuncinsa bai da wahala. Dokokin Google da kansu sun hana shi, kuma kafin su da ƙarnoni Sunna ta hana najashi, wato mutum ya ƙara wa haja farashi ba da niyyar saye ba sai don ya ruɗi waninsa. Illar guda ce: nuna sha'awar ƙarya don a jawo mai gaskiya. A kasuwa ƙarama kuma asirin ba ya daɗewa, domin da an ji muryar yaron shago ko ƙanin mai shi a cikin masu yabo, sauran shaidun ma sun faɗi tare da ita.

Iyakokin nazari

Za a ce nazarin bai zo da alƙaluma ba, kuma gari ɗaya ba ya zama hujja a kan ƙasa. Haka ne, kodayake wanda ya nemi a ƙidaya saƙonnin da ke cikin wayoyin mutane a wurin da tambaya game da dukiya take jawo tuhuma ya nemi abin da ladabi da aminci ba su yarda da shi ba. Matan da ke sana'a a cikin gidaje, masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da ɗinki, muryarsu ta zo ne ta bakin mazajensu da 'ya'yansu, kuma cinikinsu yana bukatar mace mai bincike da za ta shiga ta zauna da su. Masaukin baƙi ko gidan abinci da ke bakin titi a Gummi ko Anka, wanda galibin masu shigarsa matafiya ne da ba su san kowa ba, la'alla taurarin taswira su yi masa amfanin da suka yi a Seattle, kuma wannan maƙala ba ta yi hukunci a kansa ba.