Ga Ruwa! Tarihin Ruwan Sha a Cikin Birnin Kano

Duk wanda ya durƙusa gaban malami da ƙuruciya, ya buɗe Ahalari ko Ishmawi, ya san ba a kai almajiri ga babin salla sai an tsaya da shi a kan ruwa, an rarrabe masa wanda yake tsarkakewa da wanda launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya jirkita. Saboda haka bukatar garin Musulmi ga ruwa ta wuce ta sha da girki, domin akwai alwala sau biyar a yini, da wankan farilla, da wankan gawa. In kuwa garin Kano ne, sai a ƙara da bukatar marina da majema da magina, waɗanda babu wanda sana'arsa za ta motsa a cikinsu in tulu ya bushe. Amma Allah cikin hikimarsa bai ajiye birnin a bakin wani babban kogi ba, ya ajiye shi a gindin Dala, Kogin Challawa kuwa yana can kudu, nesa da a ce mace ta ɗauki tulu ta je ta dawo.

Sunayen unguwanni kaɗai sun isa shaida. A cikin ganuwa akwai Rijiya Biyu da Rijiya Huɗu, cikin ƙofofi akwai Ƙofar Ruwa, a waje kuma ga Rijiyar Lemo da Rijiyar Zaki, kuma mutane ba sa raɗa wa mazauninsu sunan abin da ba su damu da shi ba. Ruwan da ya ratsa tsakiyar gari shi ne Jakara, wadda littafin tarihin sarakunan Kano ya ambata da Kurmin Baƙin Ruwa, wurin da mutanen Dala suke girmamawa tun kafin Musulunci. A gefenta ne aka kafa Kasuwar Kurmi a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Baturen Birtaniya Kilafatan, da ya shigo a 1824, ya tarar da wannan fadama ta raba gari biyu, kasuwa tana ci a bakinta. Bajamushen nan Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya zo a 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin da kimanin 30,000, ya yabi arzikinsu, sa'an nan ya yi ta kukan ruwan kwance da zazzaɓin da ya kwantar da shi.

Ruwan kwancen nan da ya dami baƙo, shi ne kududdufi, kuma ya cancanci a daɗe a kansa, domin mutanen yanzu sun ɗauke shi ƙazanta zalla, alhali kuwa ɗan'uwan gida ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Garin da aka gina da ƙasa, tun daga ganuwa har soron talaka, dole ne wani wuri ya rame kafin wani ya tashi: inda aka haƙi ƙasar tubali nan rami yake zama, kuma gwargwadon girman unguwa gwargwadon zurfin raminta. In damina ta sauka, ruwan da indararo ya zubo daga kan soraye sai ya bi lunguna ya gangara can, gidaje su tsira. In rani ya yi, a nan magini yake kwaɓa ƙasar yaɓe, a nan ake wanki, a shayar da jaki da doki, yara su koyi iyo a ɓoye, su sha bulala in ido ya yi ja. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, ruwan da kududdufi ya riƙe yana tsatsafawa cikin ƙasa a hankali, shi yake raya rijiyoyin da ke kewaye da shi har a kai ga bazara. Ba na cewa ba shi da aibi. Sauro a nan yake ƙyanƙyasa, tsargiya a nan yaro yake ɗaukarta, kurkunu kuwa ya gurgunta magidanta da yawa a daidai lokacin da gona take bukatarsu. Rijiyoyin ma ba duka ne suke da daɗi ba, wasu ruwansu zartsi ne, sai dai wanki da wanke-wanke, shi ya sa gidan da Allah ya ba rijiya mai garɗi ƙofarsa ba ta rufuwa, mai gidan kuma yana lissafa ta cikin sadaka mai gudana.

Haka aka zauna ƙarni bayan ƙarni, da guga da wasaki da randa, har Turawa suka ci Kano a 1903. Abin da ya sauya lissafi shi ne jirgin ƙasa, wanda ya iso a 1911, ya buɗe cinikin gyaɗa, ya jawo kamfanonin Turawa da Kwarori da ma'aikata daga kudu, aka yanka Sabon Gari, Fagge ta cika ta batse, aka wayi gari bakunan da ke neman ruwa sun fi ƙarfin rijiyoyin kakanni. Jirgin nan kuma ya zo da wani abu ƙarami wanda masu rubuta tarihi ba su cika waiwayarsa ba, wato garwar kananzir mai cin galan huɗu. In mai ya ƙare ba a yar da ita, a yanke bakinta, a gitta mata itace, a rataya biyu a kan sanda ɗaya da igiya, saurayi ya saɓa a kafaɗa yana tafe yana rangaji, yana kiran "Ga ruwa!" Daga kiran nan sana'ar ta sami suna, kuma abin sha'awa ne yadda garwa da ga-ruwa suka yi kusa a lafazi, har wasu suke zaton ɗaya ce ta haifi ɗaya.

A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda ya hau gadon sarauta a 1926, aka yi aikin da ya zama abin faɗa a Arewa duka. En'e ta Kano, wadda baitulmalinta ya fi na kowace masarauta ƙarfi saboda haraji da jangali da albarkar gyaɗa, ta ɗauki nauyin kawo ruwan famfo da wutar lantarki, kuma a farkon shekarun 1930 aikin ya kammala. Hikimarsa mai sauƙin fahimta ce: a ɗebo ruwa daga Challawa, inji ya tura shi ta cikin bututu har kan Goron Dutse, inda aka gina masa ma'ajiya, daga can kuma nauyinsa kaɗai ya isa ya gangaro da shi cikin gari. Ya kamata mai karatu ya riƙe cewa kuɗin nan kuɗin talakan Kano ne, ba kyauta ba ce daga Ingila. Da ruwan kuma aka ƙarfafa aikin duba-gari, ma'aikacin nan mai kakin tufafi wanda yake da iznin shiga har tsakar gida ya leƙa randa ya duba 'ya'yan sauro, wanda jin sallamarsa kawai yakan sa matan gida su kifar da ruwan da aka sayo da kuɗi, don gudun tara.

To, a nan ne abin mamaki yake. Kowa ya zaci famfo zai kashe sana'ar ga-ruwa, sai ya zama shi ne ya raya ta. Bututu ya bi manyan tituna, ya shiga gidan sarki da asibiti da ofisoshi da unguwar Turawa ta Nasarawa, amma lungun cikin birni, wanda jaki mai kaya da ƙyar yake ratsa shi, bai samu ba sai famfon unguwa guda ɗaya a bakin hanya. Matan aure kuwa suna cikin kulle, ba za su fito su bi layi ba, maigida yana kasuwa, yara suna makarantar allo. Tsakanin bakin famfo da bakin randa sai aka sami 'yar tazara, taku ɗari ko ɗari biyu, wadda injiniya bai sa ta cikin taswirarsa ba; a cikin wannan tazara ce dubban 'yan cirani suka sami abincinsu, suna zuwa bayan an gama girbi, suna komawa gida in hadari ya fara haɗuwa.

Abin da ya biyo baya sananne ne, ba sai an tsawaita ba. An ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, Gwamna Audu Bako ya gina madatsar Tiga da aka gama a 1974, aka yi matatar Tamburawa, aka ƙara madatsar Challawa a 1992. Ruwa ya taru a madatsu, amma garin da Barth ya ƙidaya da dubbai ya koma na miliyoyi, tsofaffin bututu suka ruɓe a ƙarƙashin kwalta, injin turawa kuma ba ya aiki sai da lantarki, ita kuwa lantarkin kowa ya san halinta.

A gidan da na tashi akwai famfo a tsakar gida, kusa da murhu, kuma ina tuna lokacin da kakarmu takan tashe mu da tsakar dare in ta ji ya fara tari, mu jera bokitai da tukwane muna gyangyaɗi. Daga baya tarin ma ya daina, takardar kuɗin ruwa ce kawai ba ta daina zuwa ba, har aka gaji aka mai da kan famfon maratayar tsumma. Yau in ka tsaya a bakin lungunmu bayan sallar asuba, za ka ga jikan mai garwa, sai dai ya ajiye sanda ya kama kura: jarkoki goma sha biyu ko fiye, masu ruwan ɗorawa, jere a kan ƙafafun babur, ya danna ƙirji yana turawa, wandonsa a naɗe, silifas ɗinsa yana santsi a cikin caɓi. Ba daga Challawa ya ɗebo ba, daga rijiyar burtsatse ta wani mai hali ya saya, wanda shi ma sai ya tayar da janareto. In man fetur ya tashi, kuɗin jarka ya tashi, uwargida ta rage ruwan wankan yara. Na sha kuwa, mai ɗan abin hannu ya koma ruwan leda, ledar kuma ta tafi ta toshe kwata.

Kududdufan da suka rage ana ta cike su da shara, ana yanka filaye, ana dasa shaguna a kansu, Jakara ma an ɗaure ta da siminti an shimfiɗa titi a bisanta. Ruwan sama bai san an sayar da masaukinsa ba. In ya zo a watan Agusta bai tarar da rami ba sai ya shiga ɗakunan mutane, in rani ya yi kuma mai haƙar burtsatse ya ƙara zurfi fiye da na bara. Ina roƙon masu unguwanni da dagatai da hukumar tsara birni, waɗanda ba a yanka fili sai da saninsu, su ƙidaya kududdufan da suka saura a cikin ganuwa, su rubuta sunayensu, a yashe su, a kewaye su, a hana sayar da ko taku ɗaya daga cikinsu.