Abincin da ya dace da mace a kowane zango na al'ada

Al'adar mace takan zagayo ne cikin kwana 21 zuwa 35, jinin kuma yakan ɗauki kwana 2 zuwa 7. Duk wata jiki na asarar sinadarin ƙarfe, wato ayon, wanda da shi ake gina jini. Shi ya sa mace mai haila ke buƙatar kusan miligiram 18 a rana, namiji kuwa 8 ya ishe shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 kusan kashi 30 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini.

Kwanakin jini da bayansu

Lokacin maida abin da aka rasa ke nan. Hanta, nama da kifi su ne kan gaba, ga mayankar Oko-Oba nan kusa a Agege. In aljihu bai kai ba, akwai wake, zogale, alayyahu, ugu da lalo, wanda Yarbawa ke kira ewedu. Ayon na ganye bai cika shiga jiki sosai ba sai an haɗa shi da bitamin C, don haka a sha lemo ko a ci gwaba ko ɗanyen tumatir tare da abincin.

Ga inda da yawanmu ke kuskure: shayi da kofi suna rage shigar ayon. In za a ci ewa agoyin da burodin Agege, a jinkirta shayin kamar awa ɗaya.

Mako ɗaya kafin zuwan jini

A nan ne kumburin ciki, ciwon nono da kwaɗayin zaƙi ke tasowa. A rage gishiri, dunƙulen magi da lemon kwalba, a sha ruwa sosai. Nono, kindirmo, gyaɗa, riɗi da ayaba sun fi alawa da biskit amfani.

Yaushe za a je asibiti?

Idan jinin ya wuce kwana 7, ko ana canza audugar mata duk awa ɗaya ko biyu, ko ga jiri, haki da kwaɗayin cin farar ƙasa, abinci kaɗai ba zai wadatar ba. A je a auna jini. Masu sikila kuwa kada su sha maganin ƙarin jini mai ayon sai likita ya rubuta.