Likitocin da Suka Riƙe Alƙalami

'Yan'uwa ɗalibai, idan aka ambaci Ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa, wato MSF, abin da kan faɗo mana a rai shi ne tanti da allura da farar mota. Ni kuwa da na bi tarihinta, sai na ga alƙalaminta bai gaza allurarta amfani ba.

An kafa ta a Faransa a 1971, kuma cikin waɗanda suka kafa ta akwai likitocin da suka yi aiki a yaƙin basasar Nijeriya. Ba a daɗe ba suka lura cewa littattafan da suka karanta a Turai ba su faɗi yadda za a yi da annoba a sansanin gudun hijira ba. Saboda haka a 1986 suka buɗe cibiyar bincike mai suna Epicentre, domin ƙidaya da rubuta abin da suka gani.

Mu ma nan ƙasar Hausa mun shaida. A 2005, lokacin yunwar Nijar, sun yi wa yara fiye da 60,000 maganin tamowa, galibi a jihar Maraɗi, da wani abinci na gyaɗa da madara wanda uwa kan ba ɗanta a gida. Sakamakon da suka rubuta, haɗe da na wasu ƙungiyoyi, ya taimaka har Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wannan hanya a 2007.

A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Zamfara. Rahoton da suka buga a 2014 kan yara fiye da 1,000 ya nuna cewa maganin sha yana rage gubar ko a ƙauye. Haka kuma a Madarumfa suka gwada rigakafin gudawar jarirai mai jure zafi, aka buga sakamakon a 2017.

To, ga abin da ke damuna. Ciwon namu ne, yaran namu ne, amma yawancin rubutun nan da Turanci yake, uwar da aka ɗibi jinin ɗanta ba ta taɓa jin abin da aka gano ba. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ashe bai kamata mu da muka zo jami'a mu shiga binciken nan ba, mu kuma mai da shi cikin harshen da iyayenmu ke ji? Allah Ya ba mu iko.