Inna ta Misiyon: abin da tsofaffi sunka faɗa mana

 Da yawanku kun ji rasuwar tsohuwar nan da gari duka ke kira Inna ta Misiyon. Ta cika gab da yankan hatsi, ta bar ɗiya 5 da jikoki da tattaɓa-kunne. Yaran yanzu sun san ta ne tsohuwa mai sanda, mai tasbaha da gicciye a wuya. Mu da munka girma gabanta mun ga ya kamata a rubuta labarinta tun masu tuna shi suna da rai, don wani yanki na tarihin Arewa yana cikinsa.

Ba ta da takardar haihuwa. In an tambaye ta, sai ta ce an haife ta bayan yunwar fara, wato ta 1931. Gidan ubanta gidan azna ne, kamar gidaje da yawa na ƙasarmu a zamanin nan: Sarauniya na Lugu, Baura na Bagaji, ana zuwa ga dutsen Tunguma neman gaskiya, ana yanka a gindin icce kafin shibka. Masallatai ba su yawaita cikin ƙauyuka ba sai daga baya. Mun faɗi wanga ne saboda masu cewa ta bar Musulunci. Ba ta taɓa shigarsa ba balle ta bar shi. Ita da ƙannenta gida ɗaya sunka fito, su sunka nufi masallaci, ita ta nufi majami'a.

Limaman Katolika, waɗanda muke ce wa mompe, sun zauna Yamai a 1931, Damagaram a 1940, kana anka buɗe misiyon ta Dogondutsi a 1947. Kada a gama su da Turawan Tsibiri da na likitar Galmi. Waɗancan wani reshe ne na Kirista daban. Mijin Inna ya yi aikin tubali a misiyon yana saurayi, can ya fara jin karatunsu. Ita kuwa ba ta bi shi nan da nan ba. Sai da ƙyanda ta kashe mata ɗiya biyu a rani ɗaya, ta goya na uku ta taka har Dutsi da ƙafa, ya tashi. Mutane sunka ce don magani ta shiga. Wataƙila da fari haka ne. Amma magani kwana kaɗan ne, ita kuwa ta yi shekaru tana zuwa karatun addini kafin a yi mata baftisma daren Pak, kuma ba ta san ko harafi ɗaya ba. Da ka ta riƙe kome.

A lokacin, addu'ar majami'a da Latin ake yin ta, harshen da ko Faransawan ba su magana da shi a gida. Tsofaffi na dariya in sun tuna yadda take murɗa kalmomin. Sai bayan babban taron Vatikan na 1962 zuwa 1965 anka yarda kowace al'umma ta yi addu'a da harshenta, Hausa ta shiga majami'a. Bishop na farko na Yamai, Hippolyte Berlier, wanda ya riƙe kujera daga 1961 zuwa 1984, an san shi da neman zaman lafiya da Musulmi.

To, ga abin da ba a faye faɗi ba. Mompe ba ya zuwa garinmu sai jefi-jefi, da damana kuwa hanya ta yanke. Maza sun tafi Kurmi, kamar yadda ku ma kunka tafi. Mijinta ya sha yin shekara biyu a Kumashi ba labari. Wa ke tara mutane ran Lahadi? Ita ce. Ta kafa rumfa bayan ɗakinta, ta shimfiɗa tabarmi, ta ja addu'a, yara na amsawa. In jariri zai mutu ba mompe kusa, ita ke zuba masa ruwan baftisma, don addininsu ya yarda da haka in rai na gaggawa. A ganinmu, da ba mata irinta, da addinin nan bai kwana biyu cikin ƙauyukanmu ba, ko an gina majami'a goma a birni.

Shekarar 1974 ba ta mantuwa. Fari ya ci shekaru, dabbobi sun ƙare, ana tonon gidan tururuwa neman ƙwaya. Inna ta tafi Dutsi sallar Pak ran 14 ga watan Afrilu, kashegari rediyo ya ce soja sun kayar da Diori Hamani, Seyni Kunce ya hau. Cikin kwanakin nan misiyon na raba jar dawa ta taimako, anka damƙa mata rabon garinmu. Da tiya take awo, gida-gida, bisa yawan bakuna. Ba ta tambayi kowa inda yake sa goshi ba. Duk da haka anka yi ta da ita, wai tana sayen mutane da hatsi. Mun bincika wurin dattawa: ba mutum ɗaya da ya sake addini saboda dawar nan. Da yunwar El Buhari ta zo a 1984, maigari da kansa ya ce a sake ba ta tiya.

Gidanta ma ya rabu biyu. Ɗiya biyu sun bi ta, uku sun musulunta, babban har ya je Makka. Kada a ce abin bai yi mata zafi ba. Ta yi kuka, ta yi kusan shekara ba ta shiga gidansa. Daga baya dai ita ke tada jikoki sahur, ita ke dama kunun buɗe-baki, ta kuma yi nata azumin na Karem, kwana 40, ba ta cin nama ran Juma'a. Ran layya Alhaji ya aiko mata cinya. Ran Nowel ta kira malamin unguwa ya yanka kaji don kowa ya iya ci. Da wa'azi ya ƙara zafi a shekarun baya, akwai dangin da sunka daina sa hannu a ƙwaryarta. Ba ta daina aika masu ba, ƙwarya na komowa yadda ta tafi.

Ran 16 ga Janairu 2015 anka ƙone majami'u a Damagaram, kashegari a Yamai, bayan zanen ɓatanci na wata jarida ta Faransa. Mutum 10 sunka rasu. Wata jikanyarta da ke Yamai ta kwana uku ɓoye a gidan maƙwabta Musulmi. Garinmu ba wanda ya taɓa rumfar Inna, amma dare biyu Alhaji da ƙannensa sunka kwana a bakinta.

Ranar jana'iza, samarin unguwa ne sunka haƙa kabari, mafi yawansu Musulmi, mompe ya zo daga Dutsi ya yi addu'a. Wasu daga cikinmu na bida sun aiko tambaya ko ya halatta a fid da kuɗin gaisuwa daga asusun ƙungiya don wadda ba Musulma ba. Ma'aji ya buɗe littafi: tun kafuwar ƙungiya Inna ba ta taɓa fashin zubi ba, ko shekarun da take sayar da ƙuli-ƙuli ta biya. An fid da kuɗin, an kai.

Saura maganar rumfa. Damanar bana ta kayar da rufinta, masu taruwa a ciki kuma gida huɗu ne sunka rage, galibi tsofaffi. Jikokinta na Yamai sun roƙi izinin gina ɗakin tubali a wurin da kuɗinsu. Filin gado ne, Alhaji na da rabo ciki, ya ce shi ya yafe nasa. Maigari ya aje maganar sai taron bayan kaka, wanda ke da ta cewa ya aiko takarda ta hannun wakilin garin da yake zaune.