Sawakin: Tashar Alhazan Ƙafa

Yau za mu leƙa Sawakin, tsohon gari a gaɓar Bahar Maliya, ƙasar Sudan. Na je can kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023. Daga Port Sudan tafiyar kamar awa guda ce a mota, ka nufi kudu.

Tsohon garin a kan ɗan tsibiri yake, gajeriyar hanya ce ta haɗa shi da tudu. Kana shiga, kangaye za su tarbe ka. Gidaje ne masu bene, an gina su da dutsen murjani da ake ciro wa daga teku, amma yawancinsu sun zube, sai tarin fararen duwatsu da maguna suna yawo a kai.

To, ai da ba haka yake ba. Bayan Turkawan Daular Usmaniyya sun ci Masar a 1517, Sawakin ta shiga hannunsu, ta zama babbar tasharsu a wannan gaɓa. Fatake daga Jidda da Masar da Indiya suna sauka, ana fitar da ƙaro da hauren giwa. Kuma gaskiya ɗaya ce, har da bayi.

Ina ruwanmu da Sawakin? Kakanninmu da suka tafi Makka a ƙasa, ta Borno da Wadai da Darfur, sukan yi shekaru a hanya, suna tsayawa su yi noma ko ƙodago don neman guzuri. Da yawansu a nan suka fara ganin teku, a nan suka shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Wasu guzuri ya ƙare musu, wasu suka sauke farali ba su koma gida ba. Wani ɓangare na Hausawan Sudan jikokinsu ne.

Me ya kashe garin? Ba yaƙi ba ne. Mashigar ruwansa ta yi wa manyan jirage ƙunci, sai Turawan Ingila suka fara gina Port Sudan a 1905, aka buɗe ta a 1909. 'Yan kasuwa suka bi kasuwa. Shi kuwa ginin murjani kamar ginin ƙasa yake a wurinmu: in babu mai yi masa yaɓe, da kansa zai kwanta.

A 2017 shugaban Turkiyya Erdogan ya ziyarci garin, kuma Turkawa sun gyara masallatan Hanafi da Shafi'i. Har yanzu jirage na ɗaukar fasinja daga tashar Sawakin zuwa Jidda.

Jama'a, in akwai dattijo a gidanku da ya san labarin wanda ya je Makka a ƙasa, ku zauna da shi tun yana da rai. Ku rubuto mana abin da kuka ji. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.