Abin da ya kamata ku sani idan ɓawon mangwaron gidanku ya fara zubar da ƙaro

A gidaje da dama na birnin Katsina, daga Ƙofar Ƙaura zuwa Rafin Daɗi, bishiyar mangwaro ce inuwar tsakar gida a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura maki 40. Sai dai akasari ba a lura da ciwonta sai rassa sun bushe.

Alamar farko ita ce tsagewar ɓawo da fitar ruwa mai danƙo, ruwan ƙasa, wanda ke daskarewa kamar ƙaro. Daga nan ganye ya yanƙwane ya maƙale a reshe, bushewar kuma ta riƙa gangarowa daga sama. Sau da yawa sanadin ƙwayar cuta ce dangin funfuna mai suna Lasiodiplodia theobromae, wadda ke shiga ta rauni, musamman idan ƙishi ya galabaitar da bishiya.

Raunin kuwa mu muke yin sa: ƙusar igiyar shanya, ɗaurin rago, ƙona shara a gindi, da sassaƙe don magani. Wanda ya sassaƙe ɓawo har ya zagaye gangar ya toshe hanyar da abinci ke sauka zuwa saiwa, bishiyar kuma mutuwa za ta yi ko ba cuta. Haka nan zuba siminti har gindi, da malalo ruwan wanke-wanke kullum a jikinta.

Idan ciwon bai yi nisa ba, a kankare ɓawon da ya ruɓe da wuƙa mai tsabta har a kai wurin da yake lafiyayye, a ƙone abin da aka kankaro. A kwaɓa garin maganin funfuna mai sinadarin tagulla, wanda masu sayar da magungunan gona ke da shi, ya yi kauri, a shafe wurin. Busasshen reshe a sare shi ƙasa da inda bushewar ta tsaya, a shafa maganin a bakin saran, a wanke wuƙar da bilic kafin a taɓa wata bishiya. Rani ya fi dacewa da wannan aiki. Ban ruwa kuma a yi shi a kewaye, daidai inda inuwar rassa ta ƙare.

Akwai nau'in da ya fi muni. A ƙasar Oman, tun daga 1998, wata cuta da wani ɗan ƙwaro mai huda ɓawo ke yaɗawa ta hallaka mangwaro masu ɗimbin yawa, ta kuma addabi Pakistan. Don haka idan kun ga ƙananan huji a ɓawo da gari kamar na zarto, bishiya kuma ta bushe cikin 'yan makonni, ku kai rahoto ga malaman gona na hukumar KTARDA. Da kuɗin jama'a ake biyan su, kuma duba irin wannan yana cikin aikinsu.