James Randi: Mai Dabon da Ya Tona Asirin Macuta

An haifi James Randi a birnin Toronto na ƙasar Kanada a shekarar 1928. Tun yana matashi ya bar makaranta ya rungumi sana'ar dabo, ya yi suna wajen kuɓuta daga sarƙa da ankwa. A 1956 ya shafe minti 104 cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin ruwa.

Randi bai taɓa ɓoye wa 'yan kallo cewa rufa-ido yake yi ba. Wanda ya tsana shi ne mai fakewa da irin waɗannan dabaru yana cin dukiyar marasa lafiya da sunan mu'ujiza. A 1986 ya fallasa wani mai wa'azi a Amurka, Peter Popoff, wanda kan kira sunayen mutane da cututtukansu yana cewa wahayi ne. Ashe matarsa ce ke raɗa masa ta wata 'yar na'urar rediyo da ke kunnensa.

Gidauniyarsa ta ajiye dala miliyan 1 domin duk wanda ya tabbatar da ikon gaibu a gaban masu gwaji. Har aka rufe gasar a 2015, babu wanda ya ci. Randi ya mutu a 2020 yana da shekara 92.